Baƙon da Muka Tashi Muka Bar wa Tire

Shekarun baya, lokacin ina ɗalibi a Guangzhou, ban fara furfura ba kuma ina ganin duk ƙasar Sin babu mai wayona, na yi wa wani bawan Allah abin da har yau in na tuna sai abinci ya fita daga raina. Na sha ɗaukar waya zan rubuta muku labarin nan ina fasawa. Yau dai na ce bari in faɗa in huta.

Karatun Sinanci ya kai ni, amma gaskiyar magana rabin rayuwata a kasuwa na yi ta. Da bakina ya ɗan faɗa da yaren, sai 'yan kasuwarmu na Kano da ke zuwa sarin kaya a kasuwar Canaan suka mayar da ni tafinta. In raka su shago, in taya su ciniki, in gaya wa laban, wato mai shago, cewa Alhaji ya ce kayan sun ɗan yi tsada, alhali abin da Alhaji ya faɗa ba ya fassaruwa a gaban mutane. Ina jin daɗin aikin, kuma ina jin kaina ƙwarai.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci muna haɗuwa a gidan wata Hajiya 'yar Damagaram, a hawa na shida na wani tsohon bene a unguwar Sanyuanli. Falonta ta mayar wurin cin abinci. Ba a faranti take zubawa ba, manyan tire ne, mutum biyar ko shida a kan kowanne, tuwon shinkafa da miyar kukar da ake kawo mata daga gida. A nan ake jin wa ya zo, wa ya tafi, wa ke neman abokin haɗa kwantena, wa bizarsa ta kusa ƙarewa. Muna da dattijo guda, wani Alhaji ɗan kasuwar atamfa da ya fi kowa daɗewa a garin, kuma maganarsa ita ce yanka. Ƙa'idar wurin ɗaya ce: duk wanda ya kawo baƙo, shi ya tsaya masa. In baƙon ya yi abin kirki, an gode maka. In ya jawo magana, kai za a nema. Kuma akwai dalili, domin kwantena ɗaya takan ɗauki kayan mutum goma, in aka samu abin da bai dace ba a kwalin mutum ɗaya, duka goman sun shiga uku.

A baje kolin bazara na Pazhou na haɗu da bawan Allahn da nake ba ku labarinsa. Ina tsaye ina waya da Hausa, ina faɗa da wani da ya ɓata mini lokaci, sai na ji kamar an tare mini haske. Na ɗaga kai na ga wani ƙato, wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya, ga baƙin gilashi a ido alhali muna cikin gini. Na katse wayar ina tunanin ko ƙafa na taka masa.

Ya ce, "Ɗan'uwa, Hausa ne kana yi?"

Na ce Hausa ce. Sai ya kama hannuna da hannayensa biyu ya ƙi saki. Ya ce a Zangon Kumasi aka haife shi, kawunsa ya tafi da shi Amurka yana ɗan shekara tara, kuma tun da mahaifiyarsa ta rasu bai ƙara samun wanda zai yi Hausa da shi ba sai a mafarki. Hausarsa irin ta Zango ce, kuma ta tsaya a inda ya bar ta. Ga mutum ya ba arba'in baya, ga magana irin ta yaron da ya tashi a gaban tsofaffin mata. Ya zo ne a ɗinka masa rigunan wasa a wani kamfani a unguwar Panyu, zai kai shagonsa can Amurka. Da muka gama gaisawa, tambayarsa ta farko ita ce, "Ƙanena, akwai inda ana samu tuwo a garin nan?"

Ranar Juma'a na kai shi gidan Hajiya, na ce wa Alhaji ga baƙona, ni na tsaya masa. Na faɗa da alfahari, kamar wanda ya zo da kyauta. Ya zauna a ƙasa da ƙyar saboda gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa. Da ya kai lomar farko bakinsa sai ya cire gilashin ya share ido da bayan hannu. Ya ce, "Mmana haka ne yana yi." Mahaifiyarsa yake nufi, kuma babu wanda ya yi dariyar Hausar. Hajiya ta ƙaro miya ba tare da an tambaye ta ba. Daga ranar kowa ya koma kiransa Babban Yaya.

Da aka kawo shayi aka tambaye shi sana'arsa ta da, sai ya ce ƙwallon Amurka ya buga, irin wadda ake rungume ƙwallo a hannu ana gudu sanye da hular kwano, kuma da ita ya ci abinci shekara bakwai. A cikinmu babu wanda ya taɓa kallon wasan daga farko zuwa ƙarshe. Ya jera kofunan shayi huɗu ya ce waɗannan su ne ƙattin da ke tare gaba. Ya ajiye gorar ruwa a bayansu ya ce wannan shi ne, sunan wurin lainbaka. Kafin a saki ƙwallo, aikinsa ya karanta tsayuwar abokan hamayya, ya gane ta inda za su ɓullo, ya daka wa 'yan ɓangarensa tsawa su gyara tsayuwa. Da an saki, sai ya ruga da iya ƙarfinsa ya yi karo da mai riƙe da ƙwallon ya kai shi ƙasa. Ya ce akwai wani littafi mai kauri na dabarun wasa da kowace ƙungiya ke bayarwa, shi yakan haddace nasa tsaf kafin kowa.

Alhaji ya saurara ya gyaɗa kai, ya ce, "Wato dai karon raguna ake biyan ku ku yi." Aka tuntsire da dariya, shi ya fi kowa yi.

Ya so wurin nan fiye da yadda zan iya kwatanta muku. Ya zo da niyyar sati biyu, sai ga shi ya kama ɗaki a Panyu kusa da kamfanin, ya ce zai jira a gama ɗinkin. Ni na san ba ɗinki ne ya riƙe shi ba. Tun ranar Laraba yake fara kirana yana tambayar ko za a yi tuwo. Yakan zo da buhun shinkafa a kafaɗa ya hau hawa shida da gwiwoyin nan nasa. Wata rana ya ce mini, "Ƙanena, ni ban da kowa da yana kira ni da sunan da Mmana ya sa mini. Sai ku."

Ni ne tafintansa, don haka ni na fara lura da wasu abubuwa. Zai tambaye ni yaushe za mu koma kamfani, in ba shi amsa, bayan minti goma ya sake tambaya kamar bai taɓa yi ba. Wani lokaci harshensa yakan yi nauyi. Hannunsa na rawa in zai ɗauki kofi. Gilashin nan ba ya rabuwa da shi. Ranar da hankalina ya tashi sosai, mun je kamfani ya nemi wata kalar yadi, laban ya ce "meyo", wato babu. Magana ce da muke ji sau ashirin a rana. Amma Babban Yaya ya miƙe ya doki tebur har gilashin saman ya tsage, yana ihu da Turanci, ma'aikata suka watse. Minti biyu bayan haka ya zauna a bakin matakala yana kuka yana ba laban haƙuri. A hanyar dawowa ya buɗe jaka ya fito da wani ɗan akwatin roba mai gida-gida, cike da ƙwayoyi kala-kala babu suna a jiki, ya watsa guda uku a baki.

Sai ku san irin zaman da muke yi a lokacin. 'Yan sanda na yawan tare baƙar fata a hanya su nemi fasfo. Maganar masu safarar ƙwaya ta cika gari, kuma in an kama mutum ɗaya, duk wanda lambarsa ke cikin wayarsa sai ya amsa tambayoyi. Saura mini shekara ɗaya in gama karatu. Na kwanta na tashi da abin kwana uku, ina lissafin abin da zan gaya wa mahaifina in aka koro ni. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba, amma a lokacin na sa masa suna hangen nesa.

Abin da ya kamata in yi ƙarami ne. In ce masa, Babban Yaya, lafiya kuwa? Maganin mene ne wannan? Amma ya girme ni da kusan shekara ashirin, kuma mu a tarbiyyarmu yaro ba ya titsiye babba a kan abin da ke jikinsa. Kunya ta hana ni tambayarsa a gaban idonsa. Abin mamaki, kunyar ba ta hana ni zuwa shagon Alhaji in yi maganarsa a bayan idonsa ba.

Na ce, "Alhaji, ni dai ban ce na ga wani abu ba. Amma baƙon nan nawa, akwai alamun yana shaye-shaye. Ƙwayoyi ne da shi cike da akwati. Na ce gara in sauke nauyi tun da wuri."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Da idona na ga ƙwayoyin."

Ƙwayoyin kam na gan su. Sauran duk ni na ɗinka. Alhaji ya ce in bar maganar a nan, kada in gaya wa kowa, za a san abin yi ba tare da an ci mutuncinsa ba. Ban san ta inda ta fita ba, amma kafin Juma'a kowa ya ji.

Mutanenmu ba sa korar mutum da baki. Ba za a ce maka kada ka sake zuwa ba, ba za a ɗaga maka murya ba. Janyewa ake yi a hankali har ka gane da kanka. Ranar Juma'ar ya shigo da fara'arsa, ya gaisa da kowa aka amsa, ya zauna a tiren da ya saba. Bai kai loma uku ba wani ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi, ya miƙe. Na kusa da shi ya ce yana da baƙo a Canaan. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi har tiren ya rage daga shi sai tuwon mutum shida. Ni ina can tiren ƙarshe na ba shi baya, wai ina sauraron wani labari. Na ji muryarsa yana cewa, "Ku zo mu ci mana, yana da yawa." Aka ce masa bismillah, ya ci kawai.

Juma'a ta biyu Hajiya ta zuba masa a faranti shi kaɗai, tana kawar da kai. Wanda ya yi masa alkawarin gurbi a kwantena ya ce wuri ya cika. Ni kuma na daina ɗaukar wayarsa, na aika masa saƙo cewa jarrabawa ta taso. Juma'a ta uku ya zo, ya ci rabin farantin, ya yi sallama ya sauka. Ta huɗu bai zo ba. Wani ya ce, "To, ya gane." Ni ma na ji sanyi a raina, Allah ya yafe mini, na ce rigakafi ya fi magani.

Kusan wata guda bayan haka, wata Talata da la'asar ana ruwan sama, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Ma'aikaciyar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce a Panyu. Ta ce akwai wani baƙo da ke zaune a kan benci tun kafin azahar, ya kasa faɗin inda za shi, amma sun ga kati a aljihunsa da lambata. Na so in ce ban san shi ba. Wallahi na so. Sai ta karanta mini abin da ke jikin katin da Turanci: in na ɓata, a kira ƙanena.

Na same shi a zaune da ledar kayan miya a kan cinya. Ya rame. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, ya ce ya fito sayen albasa ne sai hanyar ta ɓace masa, duk ƙofofin tashar sun zama iri ɗaya. Gidansa bai fi tafiyar minti biyar daga wurin ba. Na riƙe masa ledar muka tafi.

Ban taɓa shiga ɗakinsa ba sai ranar. Bangon duk takardu ne a manne, da rubutun hannunsa. Kashe gas. Makulli yana aljihun hagu. Magariba raka'a uku ce. Kira matarka ranar Lahadi. A jikin ƙofa an rubuta da manyan baƙaƙe: Juma'a, gidan Hajiya, da sunan tashar da zai sauka. A kan tebur ga kwalaben magani a jere, kowacce da sunansa da sunan likita, ga kuma ɗan akwatin robar nan, ashe gidajen na kwanakin mako ne, don kada ya manta ya sha sau biyu. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina karanta takardun.

Ya ga ina kallo, ya ce in zauna. Ya sa wani faifai a kwamfutarsa, na wasanninsa na da. Na ga wani matashi mai lamba a baya yana nuna hannu yana ba da umarni, mutum goma na bin maganarsa. Sai ya fita da gudu, kansa a gaba, ya haɗu da wani. Ƙarar haɗuwar hulunan nan kamar an saki tukunyar ƙarfe a kan siminti. Aka nuna wani karon, da wani, da wani, 'yan kallo na ihu. A ɗaya ya tashi yana tangaɗi ya nufi ɓangaren da ba nasa ba, abokin wasansa ya juyo da shi.

Ya ce in hakan ta faru, sai a kai shi gefe a shaƙa masa wani abu mai yaji a hanci, a ɗaga masa yatsu a ce nawa ne. In ya faɗa daidai, ya koma fili. In bai faɗa daidai ba, yakan yi ƙarya ya ce santsi ne ya kwashe shi, domin akwai yaro a benci da ke jiran wurinsa. Tun yana makarantar sakandare yake haka, da shi ya samu karatun jami'a kyauta, da shi ya gina wa mahaifiyarsa gida a Zango. Garuruwa uku ya yi wa wasa, aka yi masa aiki a gwiwa sau biyu. Ranar da suka gama da shi, waya aka yi masa da safe aka ce ya zo ofis, ya taho da littafin dabarun. Ya miƙa littafin, aka yi masa godiya, shi ke nan. Bayan wasu shekaru ciwon kai ya fara, haske ya koma yi masa zafi a ido, sai fushi, sai mantuwa. Likitoci sun ce duka ne ya yi wa ƙwaƙwalwar yawa, kuma abin gaba zai riƙa yi, ba baya ba. Matarsa ba ta so ya yi tafiyar nan ba. Ya ce mata yana so ya yi abu ɗaya da kansa tun yana iyawa.

Na ce, "Babban Yaya, me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

Ya ce, "Ba wanda ya tambaya. Kuma ni ina so ku sani ni a mutum, ba a mai ciwo ba."

Ya rufe kwamfutar. Ya daɗe yana murza gwiwa, sannan ya ce yana da tambaya, amma in gaya masa gaskiya. Ya ce ya san ya yi wani abu a gidan Hajiya, tunda ya ga kowa yana tashi in ya zauna. Ya yi ta ƙoƙarin tuna ko mene ne, ya kasa. Ko ya zagi wani ne? Ko ya ɗaga wa Hajiya murya? Ko ya doki wani? Ya ce yakan yi irin wannan ya manta. "Ka faɗa mini, ƙanena, in je in ba su haƙuri. Ban so in mutu da haƙƙin mutane."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Mutumin da na ɓata wa suna yana roƙona in gaya masa laifinsa. Kun san me jarumin naku ya ce? Na ce, "Ba ka yi komai ba, Babban Yaya, hidimomi ne suka yi wa mutane yawa." Na dafa masa shayi, na gudu.

Sati biyu ina fama da kaina. Juma'ar farko na je da niyyar magana, na ci tuwo na dawo. A ta biyu, da aka gama ci kafin a watse, na miƙe tsaye, abin da yaro irina bai taɓa yi a wurin ba. Na ce maganar da na kawo a kan baƙona ƙarya ce. Na faɗi abin da na gani a ɗakinsa, da faifan, da tambayar da ya yi mini. Hajiya ta bar abin da take yi ta zauna a bakin ƙofar kicin ta rufe fuska da mayafi. Wani ya fara cewa ai laifina ne, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Shi ya faɗa, amma mu nawa ne a nan? Akwai wanda ya taka ya je ya tambayi mutumin? Ni da na girme shi, me ya hana ni? Gobe kowa ya rufe abin da yake yi. Panyu za mu."

Washegari da hantsi mu tara muka tafi, Hajiya da kulolin tuwo. Wata mata ce ta buɗe mana ƙofa, baƙar Ba'amurkiya, doguwa, idanunta duk gajiya. Matarsa ce. Ta iso kwana uku da suka wuce don ta tafi da shi, akwatuna ma an ɗaure. Shi kuwa da ya gan mu ya rasa inda zai sa kansa don murna. Babu tire a gidan, sai aka juye tuwon a babbar roba aka zauna a ƙasa, kowa ya sa hannu tare da shi, har da waɗanda suka fara tashi a wancan karon.

Da aka wanke hannu na matsa gabansa na durƙusa. Na gaya masa komai a gaban kowa, ban rage ba. Na ce ni na ce yana shaye-shaye, ni na sa aka guje shi, bai yi wa kowa laifi ba, kuma ranar da ya tambaye ni na yi masa ƙarya. Na ce ya yafe mini don Allah.

Ya saurare ni har ƙarshe yana kallon fuskata. Sai ya juya ya dubi Alhaji, ya dawo kaina, ya ce, "Yaushe ne an yi wannan?"

Na ce watanni biyu da suka wuce, a gidan Hajiya.

Ya girgiza kai a hankali, ya yi murmushi. Ya ce, "Ban tuna ba. Ni abin da na tuna, kai ne ka kai ni wurin tuwo." Ya dafa kaina da ƙaton hannun nan. "Na yafe, ƙanena. Ko mene ne, na yafe. Tashi."

Da za mu fita matarsa ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ba ta jin Hausa, amma ta ga durƙuson, ta tambaye ni da Turanci me ya faru. Na gaya mata a taƙaice. Ta ce Juma'a uku a jere yana kiranta yana kuka, yana cewa ya samu danginsa kuma ya ɓata da su, bai san ta yaya ba. Ta ce a shekara goma sha biyar na aurensu, da duk aikin da aka yi masa a asibiti, ba ta taɓa jin ya yi irin wannan kukan ba. Na ce ta yi haƙuri. Ba ta ce ta haƙura ba, ba ta kuma ce ba ta haƙura ba. Ta ce mu sauka lafiya, ta rufe ƙofar.

Bayan kwana biyu suka tashi. Na kira shi sau uku a shekarar da ta biyo baya. A na farko mun yi hira sosai. A na biyu ya yi ta tambayata wane ne. A na uku matar ce ta ɗauka, ta ce ya daina iya waya. Bayan wasu shekaru wani ɗan Kumasi ya gaya mana ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama.

Yanzu na kai shekarun da yake da su a lokacin, kuma matasa kan zo mini da irin maganar da na kai wa Alhaji, a lulluɓe da sunan shawara. Nakan bar mutum ya gama, sannan in ce, ka tambaye shi? Yawanci sai a sunkuyar da kai. Ba na yi musu faɗa, don na san abin da ke hana su. An koya mana kara, kuma kara abu ne mai kyau. Amma na ga yadda muka yi amfani da ita muka hukunta mutum ba tare da ko ɗayanmu ya ɗaga murya ba, har muka bar shi yana neman laifinsa a cikin kan da ba ya riƙe komai.

Na taɓa tambayar wani malami ko yafiyar wanda ya manta abin da aka yi masa ta inganta. Ya ce ta inganta, tunda ya furta da bakinsa kuma da zuciya ɗaya, in daina wahalar da kaina. Na karɓi fatawar, kuma ina fatan haka take a wurin Allah. Amma a raina na san wanda ya yi kukan Juma'a ukun nan ban same shi ba. Na tsaya jin kunya sati biyu, kafin in iso ciwon ya riga ni tafiya da shi. Wanda na tarar ya yafe mini abin da bai tuna ba. Wadda ta tuna kuwa ba ta ce komai ba, kuma har yau ban ga laifinta ba.